Na San Mariya Sosai

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da na sa kwat ɗin aro na tafi neman aikina na farko a Dogon Dutsi ba. Har yau idan ta faɗo mini a rai, ko a tsakiyar cin tuwo nake, sai na ajiye loma na runtse ido.

A lokacin na gama karatun anformatik a Yamai (ilimin kwamfuta ke nan, ko ordinatar kamar yadda muke ce mata a nan), na dawo gida da takardar lisansi, wato digiri, a cikin leda, ina jin aiki zai biyo ni har ƙofar gida ya yi sallama. Damina ta faɗi, hatsi ya yi kai, ni ina nan zaune. Iyakar amfanin da ilimina ya yi wa unguwa shi ne goge hotuna daga wayoyin dattawa idan sun cika, da loda wa samarin kasuwa karatun malamai a katin waya. Ladan aikin kuwa shi ne a ce mini Injiniya. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, balle ta zaunar da ni ta yi mini faɗa. Amma akwai wata irin ajiye kwanon fura da uwa ke yi a gaban ƙato mai gemu da hantsi, wadda ta fi faɗa zafi.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, takardar ta fi ni ilimi. Na ci jarrabawa, ba sata na yi ba, amma yawancin kod ɗin da na rubuta a rayuwata, wato umarnin da ake bai wa ordinatar, a kan takarda na rubuta shi, da alƙalami, malami ya duba ya ba ni maki. Ban taɓa gina wani abu da wani ɗan Adam ya yi amfani da shi ba.

Ana nan sai Kawu Arzika, ƙanin Inna, ya zo da labari. Shi direba ne a wani ƙaramin kamfani da ke bayan tasha, masu yi wa ƙungiyoyin manoma manhajar da ke nuna abin da ke cikin rumbunansu na wake da hatsi, tun daga Dogon Kiriya har Tibiri. Ya ce suna neman sabon hannu, wanda bai taɓa aiki ba, za a gana da masu nema bayan an gama girbi. Ya ƙara da cewa ya riga ya yi wa direktar maganata, ya ce masa ɗan ƴar'uwarsa ya san ordinatar kamar shi ya haife ta. (Kawu mutum ne mai son nasa. Da ya san abin da zai biyo baya, da ya ce bai san ni ba.)

Ranar na ga fara'a a fuskar Inna irin wadda na daɗe ban gani ba. Ni kuma na shiga lissafi. Ina da kamar wata guda, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Sai na zauna tsara abin da zan koya. Na fara da kiran Nasiru, abokin karatuna da ya samu aiki a Yamai. Ya ce kada in ɓata lokacina, JavaScript kawai zan kama, duk sauran harsunan sun mutu, jana'iza ce ba a yi musu ba. Na yi godiya na kashe waya. Da yamma na yi magana da wani ɗan baffana da ke Sakkwato, shi kuma ya yi dariya ya ce wa ke ta wannan yanzu, Python ake yi, da ƙirƙirarriyar basira, wanda bai iya su ba nan gaba kaɗan sai dai ya koma gona. Don in raba gardama sai na shiga kallon bidiyoyin masana, a nan kuwa na ƙarasa ɓata. Kowane bidiyo da mutum mai gyararren gemu da kujera mai juyawa, yana rantsuwa cewa abu ɗaya tak ya rage maka ka samu aiki, kafin ya gama kuma ya ambaci wasu abubuwan da in ba ka san su ba, wancan ɗayan ba zai yi maka amfani ba. In na bi ɗaya daga cikinsu, shi ma ya haifi nasa ƴaƴan.

Mai hankali a nan zai zaɓi ɗaya ya riƙe. Ni sai na yanke shawarar koyon su duka. Hujjata ita ce ban san wanda za a tambaye ni ba, in na bar ɗaya, wataƙila shi ne zai fito. Na raba yini kamar mai rabon gado: safe na wannan harshe, bayan azahar na wancan, bayan la'asar na rumbun bayanai, gobe kuma a sake sabon zubi.

Da na ga gida ba a barina in zauna (kowa da wayarsa a hannu yana neman Injiniya), sai na tattara ordinatar na tafi Ɗan Kassari wurin kakata, wai zan yi halwa. Ban yi lissafin cewa lokacin roron wake ne ba, kuma a gidan kaka babu wanda ake ƙyalewa a inuwa saboda yana da lisansi. Ban kuma yi lissafin rezo ba, wato sabis ɗin waya, wanda a duk garin wuri ɗaya yake sauka da ƙarfinsa, kan wani tudu kusa da gawo, inda nake tsayawa da ordinatar a ɗage sama kamar mai roƙon ruwa, masu amalanken jaki suna wucewa suna yi mini sannu da aiki.

Wata rana kaka ta same ni ina ta gunaguni a gaban allon ordinatar, ta tambayi abin da maigidan nata ke karantawa haka ba ci ba sha. Na ce mata wani harshe ne mai suna Python. Ta ce mene ne fassararsa. Na ce mesa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, sannan ta ce ita dai ba ta san abin da aka tura ni Yamai in koyo ke nan ba, amma in har magana da macizai nake so, akwai wani tsoho a ƙauyen Lugu da zai koya mini cikin sauƙi, baƙar akuya kawai zan kai. Ta roƙe ni kada in faɗa wa Inna, don ta san halin ƴarta da mutanen masallacinsu. Na yi bayani har na gaji. Har na bar garin tana yayyafa wani abu a bakin ƙofar ɗakin da nake kwana.

To me na koya a halwar? Duk harshen da mutum ya fara, darasin farko shi ne ya sa ordinatar ta rubuta gaisuwa a allo. Wannan darasi na ƙware a kansa. Na sa ordinatar ta ce sannu da harsuna iri-iri, amma ban wuce nan da ko ɗaya ba, saboda kafin in kai darasi na biyu lokacin wani harshen ya shigo. Na zama kamar mutumin da ya iya gaisuwa da Zabarmanci da Fillanci da Buzanci, amma da zarar an amsa masa an ci gaba da zance, sai ya tsaya yana murmushi yana gyaɗa kai.

Da ranar ganawa ta matso na ga babu sarki sai Allah, sai na sauya dabara. Na lura da wani abu a bidiyoyin nan: ba a gane masani da abin da ya yaba, da abin da ya kushe ake gane shi. Duk wanda ya taɓe baki ya ce wannan ai ya tsufa, nan take sai ka ji ya san abin da yake faɗa. Sai na bar koyon aiki na koma haddar sunaye, kowane suna na liƙa masa aibi ɗaya ko biyu da zan faɗa ina taɓe baki. Har gwaji na yi a gaban madubin kaka. A cikin sunayen akwai wata manhajar rumbun bayanai, wato inda ake ajiye duk bayanan da manhaja ke aiki da su, sunanta Mariya da wasu haruffa biyu a ƙarshe. Mai bidiyon da na ji ta a bakinsa ba ya ma faɗin haruffan, Mariya kawai yake ce mata. Ban taɓa saka ta a ordinatar ba, ban san kamanninta ba. Aibin da na liƙa mata ma, daga baya na gano na wata manhajar ce daban, haddar ce ta cakuɗe mini. Baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba.

Ranar ganawa Kawu ya ara mini kwat ɗin da ya yi aure da shi. Kafaɗun sun yi mini yawa, hannuwan sun rufe mini yatsu, ga rana tun da safe ta fito da niyyarta. Inna ta raka ni har zaure, abin da ba ta saba ba, ta ce Allah ya ba da sa'a ba tare da ta dube ni ba.

A barandar biron, wato ofishin kamfanin, na tarar da wata budurwa tana jira, ta ce sunanta Hadiza, daga Tibiri ta taho. Na tambaye ta abin da ta iya, cikin muryar wanda ya riga ya samu aikin. Ta ce ita PHP kawai ta sani da SQL (shi ne harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi), ta ɗan yi wa wani asibitin unguwarsu wata ƴar manhaja ta jerin masu zuwa awo. Wallahi tausayinta na ji. Har shawara na ba ta, na ce in Allah ya sa ba a dace ba wannan karon kada ta karaya, ta faɗaɗa iliminta, duniya ta wuce abu biyu. Ta ce ta gode.

Ni aka fara kira. Mutum biyu ne a bayan tebur. Direktar, Mushe Tankari (Malam ke nan da Faransanci), dogo mai furfura, wanda asalinsa masanin noma ne ba na ordinatar ba. A gefensa wata mata cikin babban hijabi, aka gabatar mini da ita a matsayin Madam Nomau, shugabar sashen fasaha. (Ga wanda bai san mu ba, a biro matar aure da sunan mijinta ake kiranta, nata sunan sai na kusa.) Tsohon ciki ne da ita, haihuwa yau ko gobe, ta ɗora ƙafafunta a kan wani kwali a ƙarƙashin tebur. Ta bayan taga kuma na hango hular Kawu. Ya gyara tsayuwa yana goge gilashin motar da ba ta da datti, don ya ji da kunnensa yadda ɗan ƴar'uwarsa zai kece raini.

Da Faransanci aka fara, kuma ba laifi, na zuba. Aka tambayi harsunan da na sani, na jero su kamar mai kiran sunayen kakanninsa. Direktar yana ta gyaɗa kai. Madam ta tambayi abin da na taɓa ginawa, na ce ayyuka da yawa, amma duk suna kan hanya. Ta rubuta wani abu a takarda.

Sai direktar ya jingina da kujera ya koma Hausa, alamar ya saki jiki da ni. Ya yi mini bayanin aikin: wakilansu na ƙauyuka suna turo abin da ya shiga rumbu da abin da ya fita ta waya, a nan biro ake tattarawa. Sannan ya ce:

"Duk abin da anka turo, wurin Mariya yake tahowa, ita ka riƙe da komi. Wanda munka ɗauka, da ita za shi aiki kullum. Ka san ta, ko?"

Shi a nufinsa, garin ƙarami ne, ga kawuna yana aiki da su, ai zan san ta. Ni kuwa zuciyata ta yi fari fat. Ga tambaya ta faɗo daidai kan hadda. Na gyara zama, na ja hannun kwat ɗin Kawu baya don yatsuna su fito.

"Na san Mariya sosai, Mushe. Tun ina Yamai nake tare da ita, dare da rana."

Direktar ya ɗaga gira ya ce, "A Yamai?" Ya juya ya dubi Madam. Madam ta ajiye alƙalaminta a hankali ta zuba mini ido. Na ce a raina, kai, ka burge su. A waje na ji tsumman Kawu ya daina motsi a jikin gilashi, na ɗauka shi ma jin daɗi ne ya kama shi. Sai na taɓe baki, irin taɓewar da na gwada a madubi, na ci gaba.

Na ce ba ta da laifi in ƙaramin aiki ne, ga shi kuma kyauta ce, duk wanda ya so yana iya ɗaukarta. Amma in za a faɗi gaskiya, ta tsufa. Nauyi ne da ita, ba ta da sauri, in aka loda mata aiki sai ta kwanta, sai an zo an tashe ta. Na ce manyan wurare duk sun rabu da irinta sun koma wa sababbi masu jini a jika. Na rufe da cewa in Allah ya sa suka ɗauke ni, shawarata ta farko ita ce a sauya ta tun kafin ta ja musu asara.

Na jingina da kujera ina jiran yabo. Fanka na juyawa a sama. Direktar ya sunkuyar da kai ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa suna rawa. A waje Kawu ya sarƙe da wani irin tari kamar ya haɗiye goro ta hanyar iska.

Madam ta sauke ƙafafunta daga kan kwalin, ta gyara hijabi, ta yi magana a natse.

"Nauyi kam akwai shi, kowa na gani. Kwanciya ma ina yi, likita ya ce in riƙa yi. Tsuhwa kuma na Allah ne. Amma kyautar nan, da dare da ranar nan na Yamai, su nika son ka yi mini bayani, ƙanena, tun maganar ba ta kai kunnen maigidana Alhaji ba."

Ban gane ba nan take. Sai da na dubi direktar, ya nuna ta da hannu yana share hawaye ya ce ai ita ce Mariya, ƴar ƙanwarsa ce, shi bai iya ce mata Madam ba.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Kunnuwana suka toshe, gumi ya tsinke mini a cikin kwat har ina jin yana gangara ta bayan gwiwa. Na buɗe baki don in gyara, na ce ba ita nake nufi ba, ɗayar nake nufi, wadda ake sakawa a ordinatar. Direktar ya tashi ya fita, har a baranda ana jin dariyarsa.

Da a nan abin ya tsaya da na ce kuskuren suna ne, kowa na iya yi. Sai Madam ta ce in kwantar da hankalina, tun a magana ta biyu ta gane manhajar nake nufi, ta ƙyale ni ne ta ga iya gudun ruwana. Ta ce kuma na yi sa'a, takwarar tata ma suna aiki da ita a biron. Ta juyo ordinatar ɗinta ta tura gabana. Ta ce ga Mariyar tawa nan a buɗe, tunda dare da rana muke tare, in tambaye ta garuruwan da har yanzu ke da wake a rumbu.

Layi ɗaya ne, yau ko daga barci aka tashe ni zan rubuta shi. Ranar na rubuta kalmar farko, wadda ita kaɗai na tuna, na tsaya. Ɗan tsinken nan na allo mai nuna wurin rubutu yana ƙiftawa, ni ma ina ƙiftawa. Na goge na sake rubuta kalmar, ko za ta kira ƴan'uwanta. Ba ta kira kowa ba. Madam ba ta matsa mini ba, ta buɗe gorarta ta sha ruwa tana jira. Daga ƙarshe na janye hannu daga kan madannai na ce, "Madam, ban iya ba."

Ta ce tun da na shigo ɗakin, wannan ce magana ta farko da ta yarda da ita.

Na fito ban san da wace ƙafa na fito ba. Hadiza ta tambaye ni ya ya abin yake a ciki, na ce da sauƙi, na wuce. Kawu ya shige cikin mota ya ɗaga gilashi. Ban bi titi ba, na tako har gida ta lunguna, da kwat a hammata.

Hadiza aka ɗauka, ba sai na faɗa ba. Labarin kuwa ya riga ni isa unguwa, kuma kamar yadda aka saba, a hanya ya zubar da manhajar ya riƙe sauran. Abin da ya isa kasuwa shi ne ɗan gidan wance ya shiga biro ya ce ya san matar Alhaji Nomau tun a Yamai. Alhaji Nomau kuwa ba ɓoyayye ba ne, shi ne mai babban shagon kayan moto, wato babur, a bakin kasuwa, sahun gaba a masallacinsu, mutumin da samarin da nake loda wa karatu ke tashi tsaye in ya wuce. Masu kawo mini waya suka ɗauke ƙafa. Kawu ya yi kwanaki bai taka gidanmu ba, da ya zo kuma kwat ɗinsa kawai ya karɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Na lura ta daina zuwa gidan da suke taruwa karatu da matan unguwa.

Ba a jima ba Madam ta sauka, aka samu ɗiya mace. Bayan suna Inna ta sa lulluɓinta, ta ƙulla sabulu da turare a leda, ta tsaya a tsakar gida ta ce wa bango, "A tashi a raka ni barka." Na san da wanda ake.

Mun tarar da Alhaji Nomau a kan tabarma a ƙofar gida. Inna ta gaishe shi ta shige, ta bar ni. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ina haɗa Hausa da Faransanci, ina ƙoƙarin bayyana masa mene ne rumbun bayanai. Ya bar ni har na ƙare, yana shafa gemu.

"Kai ne na Yamai ɗin?" ya ce. Na ce ni ne. Ya ce, "Ni da nika aure da ita shekara da shekaru, har yau ban ce na san ta sosai ba. Kai ka yi ƙoƙari."

Sannan ya yi murmushi ya ce ta ba shi labarin tun ranar, sun yi dariya har ya ji tsoron kada naƙuda ta taso. Ya ɗan yi mini nasiha a kan harshe da faɗin abin da mutum bai sani ba, gajeriya, ya ce in shiga in gaishe ta. Washegari da kansa ya gyara zancen a kasuwa.

A ciki na tarar Inna ta karɓi jaririya suna hira kamar sun shekara da sanin juna. Madam ta tambaye ni yadda na shirya wa ganawar, na kwashe komai na faɗa mata, tun daga Nasiru har tudun Ɗan Kassari. Ta saurara, sannan ta yi mini tambaya ɗaya.

"Mi ya hana ka taho biro ka tambaye mu da mi muke aiki? Ga kawunka nan kullum. Da mun hwaɗa maka."

Wata guda ina tambayar Yamai da Sakkwato da mutanen bidiyo, ban taɓa tunanin tambayar mutanen da za su ɗauke ni ba, alhali daga gidanmu ana hango rufin bironsu. Ina jin tsoro nake kada su gane ban sani ba.

Ta ce sabon hannu ba don ya san komai ake ɗaukarsa ba, ana duba ne ko zai koyu, kuma ko in ya ɓata abu zai faɗa. Ta ce in zaɓi harshe ɗaya in zauna a kansa har ya gundure ni, in haɗa da SQL, in koyi adana tarihin kod ɗina yadda in na lalata zan iya komawa baya. Sauran sunayen in bar su, ba gudu za su yi ba. Sannan in gina abu ɗaya ƙarami wanda wani mutum mai rai zai yi amfani da shi har ya zage ni in ya lalace. Daga ƙofa Alhaji ya ce in mai zagi ake nema ga shi, yaran shagonsa kullum sai sun birkice kanta kafin su gano inda suka ajiye kaya.

Haka na yi watanni ina gina wa shagon kayan moto ƴar manhajar da ke faɗin wane kaya ke kan wace kanta. Abin da na ɗauka aikin mako ne ya ci rani ya shiga bazara. Ta lalace ba adadi, na sha kira da tsakar rana, na koyi abin da bidiyo bai taɓa faɗa mini ba, misali cewa mutum uku za su rubuta sunan ƙarfe ɗaya ta hanya uku kuma kowa ya ce nasa ne daidai. Da ta tsaya da ƙafafunta na kai wa Madam ta gani. Ta bincika ta nuna mini wuraren da na yi shirme, sannan ta ce akwai gurbin sitaj, wato na koyon aiki, in ina so. Aka sa ni ƙarƙashin Hadiza. Ranar farko ta nuna mini kujerata, ta ce in na zauna sosai za ta so in ci gaba da ba ta shawarar nan ta faɗaɗa ilimi.

Yanzu idan ƙannenmu masu fitowa daga makaranta suka tambaye ni me za su koya don su samu aikin farko, ba na jero musu komai. Cewa nake su je su tambayi masu aikin, su kama abu ɗaya, kuma kada su kushe abin da ba su taɓa buɗewa ba, musamman in yana da sunan mutane. Ni dai na horu. Kwanan baya a wani taro a Doso wani baƙo ya tambaye ni ko na san Juliya, kuma akwai harshen ordinatar mai wannan suna. Sai da na dubi matan da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya, sannan na rage murya na ce masa, "Mutum ce ko manhaja? Ko wacce ce dai, ban san ta ba, amma na ji ana yabonta."